Maƙoƙon Shekara 30 da Ya Rikiɗe: Nazarin Ciwon Dajin Tayroyid a Jikin Wata Dattijuwa a Jihar Zamfara

Asalin lamarin, kafin 2020

Wadda wannan nazari ya shafa mace ce mai shekara 58 a lokacin da aka fara ganinta a asibiti, mazauniyar wani ƙauye a ƙasar Maru, uwar 'ya'ya bakwai, kuma sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tana da hawan jini da take shan magani jefi-jefi. Tun bayan haihuwarta ta uku wani kumburi ya fito mata a gaban wuya, ɓangaren dama, wanda kowa a gidan ya sani da sunan maƙoƙo. Bai taɓa yi mata ciwo ba, bai hana ta haɗiyar abinci ba, kuma da yake akwai mata biyu ko uku masu irinsa a unguwar, ba wanda ya ɗauke shi a matsayin cuta.

Maƙoƙo kumburin tayroyid ne, wato 'yar tsokar nan da ke manne da gaban maƙogwaro, wadda ke fitar da sinadarin da ke daidaita zafin jiki, bugun zuciya da yadda jiki ke sarrafa abinci. Tayroyid ba ta iya haɗa wannan sinadari sai da aidin, idan kuwa aidin ya yi ƙaranci a abinci sai ta yi ta girma domin ta cike giɓin. Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin girki a 1993, lokacin da maƙoƙon wannan mata ya riga ya zauna. Mafi yawan maƙoƙo ba ciwon daji ba ne, amma an daɗe da lura cewa a yankunan da aidin ya yi ƙaranci, nau'in ciwon dajin tayroyid da ake kira folikula ya fi yawaita fiye da yadda ake ganinsa a inda aidin ya wadata.

Janairu zuwa Mayu 2020: sauyi da maganin gida

A farkon 2020 ta lura cewa wani sashe na kumburin ya yi tauri kuma yana ƙara girma, har sarƙar da ta saba sawa ta fara matse ta. An fara da abin da aka saba: jiƙon sassaƙe, shafa mai, rubutu, sannan wanzami ya yi mata 'yar tsaga a fatar wajen. A kemis an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda har sau biyu. Babu ɗayansu da ya rage kumburin. Ɗanta na biyu, ma'aikaci a Kaduna, shi ne ya nace a kai ta asibiti da ya zo ƙaramar salla.

Yuni zuwa Satumba 2020: bincike da tiyata ta farko

A asibitin da aka kai ta, gwajin jini ya nuna cewa tayroyid na aiki daidai. Hoton sikanin ya nuna ƙullutu ɗaya mai tsawon santimita 3.8 a ɓangaren dama, da wasu ƙanana a hagu waɗanda ba su kai santimita 1 ba, kuma kaluluwar wuya ba ta kumbura ba. Aka zuƙo ƙwayoyin ƙullutun da siririyar allura, sakamakon ya ce tsiro ne na folikula, ba tare da an iya faɗin ko mai lahani ne ko marar lahani ba. Wannan ba gazawar mai gwajin ba ce. A wannan nau'i, ƙwayoyin tsiro mai lafiya da na ciwon daji kamanninsu ɗaya ne a madubin likita, abin da ke raba su shi ne ko tsiron ya huda fatar da ta lulluɓe shi ko ya kutsa cikin jijiyoyin jini, wannan kuwa ba a ganinsa sai an ciro tsiron ɗungurungum an yanyanka shi.

A watan Agusta aka cire ɓangaren dama na tayroyid, aka bar na hagu. Rahoton binciken tsokar ya fito bayan mako biyar: ciwon daji ne na folikula, ya huda fatarsa a wuri ɗaya, ya shiga jijiyar jini a wurare 2. A ƙa'idojin da Ƙungiyar Tayroyid ta Amurka ta fitar a 2015, waɗanda likitoci da yawa ke bi, ciwon folikula da ya shiga jijiya a ƙasa da wurare 4 yana cikin rukunin da haɗarin dawowarsa bai da yawa. Tambayar da ta rage ita ce ko a koma a cire sauran tayroyid ɗin a bi da maganin aidin mai haske, wato aidin da haskensa ke kashe ƙwayoyin tayroyid da suka sha shi, ko kuwa a tsaya haka a riƙa sa ido.

Nuwamba 2020: gwajin ƙwayoyin gado na farko

Ɗan nata ya tambayi ko akwai wani gwaji da zai taimaka a yanke shawara. Ta hannun wani ɗakin gwaji mai zaman kansa aka aika guntun tsokar da aka daskarar cikin kakin zuwa ƙasar waje. Sakamakon ya nuna sauyi guda a ƙwayar gado mai suna NRAS, wanda ake kira Q61R, ya kuma ce ba a ga komai ba a BRAF da TP53 da sauran waɗanda aka duba. Sauyin NRAS sananne ne a tsiron folikula, ana samunsa a mai lahani da marar lahani duka, saboda haka shi kaɗai ba ya nuna cewa ciwon mai zafin yaɗuwa ne.

A shafi na biyu na takardar, cikin ƙananan haruffa, an rubuta cewa gwajin ya karanta sassan ƙwayoyin gado masu ba da umarnin haɗa furotin ne kawai. A lokacin ba wanda ya tsaya a kan wannan layi. Aka haɗa sakamakon da rahoton tsoka da kuma ra'ayin maras lafiyar, wadda ta ce ba ta son a sake yanka ta muddin da wata hanya, aka tsayar da cewa za ta riƙa dawowa duk wata shida a yi hoton wuya da gwajin jini.

2021: yankewar bibiya

Ta zo ganin likita a watan Maris 2021, hoton wuya bai nuna sabon abu ba. An auna tayroglobulin, furotin ɗin da ƙwayoyin tayroyid kaɗai ke fitarwa, aka same shi ya ɗan hau, sai dai muddin rabin tayroyid na nan kuma da ƙananan ƙullutai a cikinsa, wannan awo ba ya iya bambance abin da lafiyayyar tsoka ta fitar da abin da ciwo ya fitar.

Ganin likita na gaba ya faɗo a watan Satumba 2021, watan da aka katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, aka kuma taƙaita sayar da man fetur. Ɗanta bai iya kiranta ba, motocin haya sun yi wuya, sana'arta ta tsaya. Da aka buɗe layukan, tana jin kanta garau, tabon wuya ya warke, sai maganar asibiti ta bi ruwa.

Maris zuwa Yuli 2022: ciwon ƙugu da ƙullutu a ka

A watan Maris 2022 ta fara jin ciwo a ƙugun hagu, wanda ke tsananta da dare. Aka ce sanyin ƙashi ne, ta yi wata uku tana shan maganin kashe zafi daga kemis. A cikin wannan tsakani wani ƙullutu ya fito mata a bayan kai, mai laushi da ɗumi, wanda idan aka ɗora yatsa a kansa ana jin yana bugawa tare da zuciya. Ta ɓoye shi ƙarƙashin ɗankwali har sai da jikarta mai yi mata kitso ta faɗa wa mutanen gida. An yi shawarar wanzami ya tsaga shi, babbar 'yarta ta hana, ta ce: "Inna, wannan ba maruru ba ne, mu koma wurin likitan da ya yi miki aiki." Da an tsaga shi da an gamu da zubar jini mai wuyar tsayarwa, domin irin wannan tsiro cike yake da jijiyoyin jini.

Hoton ƙashi ya nuna rami mai faɗin santimita 4 a ƙoƙon kai da wani mai santimita 5 a ƙashin ƙugu. Tayroglobulin ya kai 640 a ma'aunin nanogiram cikin mililita. Ƙwayoyin da aka zuƙo daga ƙullutun kai na tayroyid ne. Ciwon folikula ya fi bin jini zuwa ƙashi da huhu fiye da bin kaluluwar wuya, shi ya sa hoton wuya na 2021 bai ga komai ba.

Agusta 2022: gwaji na biyu da abin da ya gano

Wani likitan ciwon daji da aka tura ta wurinsa ya karanta tsohuwar takardar gwajin, ya nemi a sake aika ragowar tsokar 2020, a wannan karo a duba wani ɗan yanki da ke gaban ƙwayar gado mai suna TERT. Sakamakon ya nuna sauyin da ake kira C228T. Ke nan sauyin yana cikin tsiron tun ranar da aka ciro shi.

DNA ɗin ɗan'adam rubutu ne mai haruffa kusan biliyan 3, da haruffa huɗu kacal aka tsara shi: A, C, G da T. Sassan da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin, na ƙwayoyin gado kusan 20,000, ba su kai kashi 2 cikin 100 na rubutun ba. Ragowar an daɗe ana yi masa kallon tarkace, har masanin nan Susumu Ohno ya kira shi da wannan suna a 1972. Bincike na baya, ciki har da babban aikin ENCODE da ya fitar da sakamakonsa a 2012, ya nuna cewa a cikin wannan ragowa ne makunnai suke, wato wuraren da ke yanke hukuncin wace ƙwayar gado za ta yi aiki, a wace tsoka, a wane lokaci, kuma da wane ƙarfi.

TERT na kan kuromozom na 5, ɗaya daga cikin ƙunsassun da rubutun DNA ya kasu zuwa gare su, ita ce ke haɗa babban ɓangaren sinadarin telomeres. A ƙarshen kowane kuromozom akwai jerin haruffa TTAGGG da ke maimaituwa, wanda aikinsa ya yi kama da ƙullin da ake yi a bakin igiya domin kada ta warware. Duk lokacin da ƙwayar jiki ta rabu biyu wannan jeri yana raguwa, idan ya gajarce sosai sai ƙwayar ta daina rabuwa ko ta mutu. Telomeres shi ne ke sake tsawaita jerin, kuma a mafi yawan ƙwayoyin jikin babban mutum makunnin TERT a kashe yake. Wannan na daga cikin shingayen da ke hana tsiro girma ba iyaka. Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak sun sami kyautar Nobel a 2009 a kan gano wannan tsari.

A 2013 wasu rukunonin masu bincike biyu, ɗaya a Jamus ɗaya a Amurka, suka gano a ciwon dajin fata cewa harafi ɗaya tak da ya sauya daga C zuwa T a makunnin TERT yana kunna ta. Wurare biyu ne aka fi samun sauyin: C228T, wanda ke haruffa 124 kafin inda umarnin furotin ya fara, da C250T mai nisan haruffa 146. Ko wanne daga cikinsu yana ƙirƙiro sabon mazauni ga wasu furotin masu kunna ƙwayoyin gado, kuma a 2015 aka nuna cewa wanda ake kira GABP shi ne ke zama a wurin. Furotin ɗin TERT kansa lafiyarsa ƙalau, ba harafi ɗaya da ya canza a umarninsa, yawansa ne ya ƙaru a inda bai kamata a same shi ba. Gwajin da ke karanta umarnin furotin kaɗai zai wuce ta gefen wannan wuri bai gan shi ba. Ƙari a kan haka, yankin cike yake da haruffan G da C, abin da ke sa karanta shi ya yi wa na'urori wuya sai an tanadi hanya ta musamman.

A cikin 2013 ɗin aka samu sauyin a ciwon dajin tayroyid. Ana ganinsa a kusan 1 cikin 10 na nau'in fafilari, ya ɗan fi haka a folikula, ya kai kusan kashi 40 cikin 100 a nau'in da ƙwayoyinsa suka fara rasa kamannin tayroyid, ya kuma zarce haka a nau'in anaplastik, wanda ya fi kowanne muni. Ya fi yawa ga masu manyan shekaru da masu babban tsiro, kuma yana tafiya tare da yaɗuwa zuwa nesa da ƙin karɓar maganin aidin. Haɗarin ya fi girma idan ya haɗu da sauyin BRAF ko na RAS, dangin da NRAS ke ciki, domin waɗannan suna tunzura hanyar da ke ƙara yawan furotin masu zama a sabon mazaunin: ɗaya yana sa ƙwayar ta yi ta rabuwa, ɗayan yana cire mata iyaka. Haɗin da aka samu a jikin wannan mata ke nan.

  

'Ya'yanta sun tambayi ko su ma suna ɗauke da abin. Likitan ya bayyana musu cewa wannan sauyi a cikin tsiron ya auku, ba da shi aka haife ta ba, don haka ba ya bin jini zuwa 'ya'ya. Akwai dai wasu bambance-bambance da ake gada a sassan da ba sa haɗa furotin, kamar waɗanda masu bincike a ƙasar Aisilan suka bayyana a 2009 kusa da ƙwayar gado FOXE1 a kuromozom na 9 da kuma a kuromozom na 14, amma ƙarin haɗarin da suke kawowa kaɗan ne kuma ba a gwada iyali saboda su.

Satumba 2022 zuwa Disamba 2023: magani

A watan Satumba aka cire ragowar tayroyid, domin muddin lafiyayyar tsoka na nan ita za ta shanye aidin mai haske kafin ya kai ga ciwon. Kwana biyu bayan aikin ta ji yatsunta da leɓɓanta suna tsiki saboda faɗuwar kalsiyam, aka ba ta ƙwayoyinsa na mako shida, abin ya wuce.

Maganin aidin mai haske, wato aidin 131, a Nijeriya sai a 'yan cibiyoyi ƙalilan, irin su Asibitin Koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja. Ƙarfin wannan aidin yana raguwa da rabi duk kwana 8, ba a iya ajiye shi, daga waje ake kawo shi kuma a jera marasa lafiya daidai da ranar isowarsa. Kafin ranar ta yi mako huɗu ba ta shan maganin maye gurbin tayroyid domin sinadarin TSH, mai tunzura ƙwayoyin tayroyid su sha aidin, ya hau sama da 30, ta yi fama da kasala da jin sanyi da kumburin fuska. A mako biyun ƙarshe aka ware mata tukunya, ba gishirin kanti, ba dunƙulen ɗanɗano, ba kifi, ba madara. A watan Nuwamba ta sha aidin milikuri 150, a ma'aunin ƙarfin haskensa, ta kwana uku ita kaɗai a ɗakin keɓewa, bayan an sallame ta kuma aka hana ta ɗaukar jikoki na wasu kwanaki, abin da ta ce ya fi rashin gishirin wuya.

Hoton da aka ɗauka bayan mako guda ya nuna cewa wuya da ƙullutun kai sun sha aidin sosai, na ƙugu kuwa ɗan kaɗan. Cikin wata huɗu ƙullutun kai ya sace har ya kusa daidaita da fata, tayroglobulin ya sauko zuwa 85, amma ciwon ƙugu bai lafa ba. A watan Afrilu 2023 aka yi wa ƙugun gashi da na'urar haske, zama 10, aka fara yi mata allurar zoledronik mai ƙarfafa ƙashi bayan an duba haƙoranta da ƙodarta. Zafin ya ragu cikin mako uku. An maimaita aidin a watan Agusta 2023, a wannan karo ƙugun bai sha komai ba, aka dakatar da shi. Tana shan levotiroksin, maganin maye gurbin sinadarin tayroyid, kullum da asuba kafin karin kumallo, a adadin da ke danne TSH ƙasa da 0.1, domin TSH na ciyar da ƙwayoyin ciwon.

An tattauna batun lenvatinib, ƙwayar da aka amince da ita a Amurka a 2015 domin ciwon tayroyid da ya ƙi aidin, wadda a babban gwajinta ta tsayar da ci gaban ciwo na kusan wata 18 idan aka kwatanta da ƙasa da wata 4 ga waɗanda ba su sha ba. Aka jingine ta saboda ciwon ba ya gudu, ƙwayar na tayar da hawan jini, kuma kuɗinta na wata-wata ya fi ƙarfin iyalin.

Halin da ake ciki a Disamba 2024

Tana tafiya da sanda, tana salla a zaune, ta bar suyar ƙuli-ƙuli ga surukarta. Tayroglobulin na tsakanin 60 da 90. Ramin ƙugu bai ƙaru ba. Hoton ƙirji ya nuna ɗige-ɗige uku a huhu da ba su kai santimita 1 ba, ana sake duba su duk wata shida. Ta koma zama wurin 'yarta a Gusau domin kusa da asibiti.

Hukunci

Shawarar da aka yanke a 2020 ba ta saɓa wa ƙa'ida ba idan aka dubi bayanan da ke hannu, amma an ba gwajin farko nauyin da bai kai ba. Kalmar "ba a ga komai ba" an ɗauke ta a matsayin wankewa, alhali gwajin bai leƙa wurin da ya fi muhimmanci ga mace mai shekara 58 da tsiro mai kusan santimita 4 da ya riga ya shiga jijiya ba. Da an ga C228T tare da NRAS a lokacin, da ma'aunin ya karkata zuwa cire tayroyid duka da ba da aidin, da kuma tayroglobulin ya zama awo abin dogaro wanda zai tona yaɗuwar tun tana ƙarama. Ba za a ce hakan zai hana ciwon kai wa ƙashi ba, domin mai yiwuwa ƙwayoyin sun riga sun bi jini kafin tiyatar farko.

Gwaji na biyu bai kawo magani ba. Babu wata ƙwaya da aka amince da ita da ke kashe makunnin TERT, kuma duk abin da aka yi mata daga 2022 za a yi shi ko da ba a san sauyin ba, tun da ƙashi ya riga ya kamu. Amfaninsa shi ne ya bayyana halin ciwon, ya sa ba a ɓata lokaci da kuɗi ana maimaita aidin karo na uku ba, ya kuma sa aka matso da lokutan bibiya. Abin da ya yi aiki a zahiri tsofaffin hanyoyi ne: tiyata, aidin ga sashen da ke shansa, gashi ga sashen da ya ƙi, da levotiroksin. Tsarin sa ido kuwa ya dogara ne ga hanya mai biyuwa da layin waya mai aiki, kuma ga mai zama a ƙauyen Maru a 2021 ya kamata a sa wannan cikin lissafi tun ranar da ake zaɓa tsakanin tiyata ta biyu da jira. Wata 16 ne suka wuce tsakanin ganin likita na Maris 2021 da hoton ƙashi na Yuli 2022, kuma a cikinsu ramin ƙugu ya kai santimita 5.